Dalilai biyar a shafi guda: haka za a koyar da yaƙin Aljeriya?

Duk zangon karatu sai ɗalibanmu sun biya kuɗin laburare da kuɗin kwamfuta, da rasit da hatimi, wanda bai biya ba kuwa ko ƙofar ɗakin jarrabawa ba zai leƙa ba. To ni da ke koyar da tarihin Afirka a wannan kwaleji ina tambaya: don Allah ina kuɗin nan suke shiga? Taswirar Afirka guda ɗaya ce tal a sashenmu, ita ma gara ta cinye ta daga Masar har Maroko, daidai wurin da nake buƙata. Majigin da aka sayo aka yi ta ɗaukar hoto da shi yana kulle a wani ofis, makullin yana aljihun wani jami'i da kullum "ya ɗan fita". In ma an dace da makullin babu wuta, janareta kuwa ba a tuna da shi sai ranar da baƙi za su zo duba makaranta.

A haka aka ce in koya wa yara abin da ya sa mutanen Aljeriya suka ɗauki makami suka yaƙi Faransa daga 1954 zuwa 1962. Lakca ɗaya aka ware wa batun, ranar Juma'a dab da azahar, lokacin da hankalin kowa ya tafi wurin alwala. Aji ya cika har bakin taga, lasifika ta mutu tun bara, na baya sai dai su kalli bakina. Da na kai kuka sama, amsar da na samu ita ce, "Haba Malam, ka yi musu handawut mana. Dalilai biyar, shafi guda, su haddace." Na ce ranka ya daɗe, shekara ɗari da talatin da biyu fa Faransa ta yi a ƙasar nan. Ya ce ai jarrabawa ba ta tambayar wannan.

Na san biyar ɗin da suke nufi: zalunci, ƙwace ƙasa, wariya, kishin ƙasa, yaƙin duniya na biyu. Ka goge Aljeriya ka rubuta Kenya ko Angola, takardar ba za ta canza ba. Yaro zai rubuta "zalunci" ya ci makinsa, ya fita bai san abin da aka yi wa kowa ba.

Alhali abin da aka yi a rubuce yake da shekararsa. Faransa ta kama birnin Aljiyas a 1830, Amir Abdulƙadir ya yi ta gwabzawa da ita har 1847. Shekara guda bayan ya miƙa wuya aka ayyana arewacin ƙasar a matsayin yankin Faransa kanta, aka raba shi larduna uku, Aljiyas da Oran da Kwanstantin. Amma ɗan ƙasa Musulmi bai zama Bafaranshe mai cikakken 'yanci ba. Dokar 1865 ta ce in yana so, sai ya yarda a daina yi masa hukuncin aure da gado bisa shari'ar Musulunci. Ƙalilan ne suka yarda. A 1870 aka ba Yahudawan ƙasar wannan 'yanci gaba ɗayansu, aka tsallake Musulmi. Bayan tawayen da Shehu Muƙrani ya jagoranta a 1871 aka ƙwace gonaki masu yawa aka raba wa Turawa 'yan kaka-gida, suka dasa inabi, har ƙasar Musulmi ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da giya, jikokin masu gonar suna ƙwadago a cikinta. Daga 1881 kuma wata doka ta musamman ta ba jami'in mulki damar ya ci ɗan ƙasa tara ko ya kulle shi ba tare da ya ga alƙali ba. Ta yaya zan dunƙule wannan duka cikin kalma ɗaya, a aji marar lasifika?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne batun Farhat Abbas, domin a wurinsa darasin yake. Mai haɗa magunguna ne a garin Setif, ya yi karatun Faransanci, a 1936 har ya rubuta cewa ya nemi wata al'umma mai suna Aljeriya bai same ta ba, burinsa kawai a daidaita shi da Bafaranshe. Malamai irin su Shehu Ibn Badis suka mayar masa da martani cewa al'ummar tana nan, da addininta da harshenta. Ranar 8 ga Mayu 1945, ana murnar kayar da Jamus, mutane suka fito da tutar Aljeriya a Setif. 'Yan sanda suka yi harbi, rikici ya ɓarke, aka kashe Turawa kimanin ɗari. Ramuwar da sojoji da 'yan banga suka yi a Setif da Gelma da Kharrata ta ci dubban rayuka, Aljeriya tana cewa 45,000. Duk da haka Abbas bai bar hanyar ƙuri'a ba. Aka kafa majalisa a 1947: kujera 60 ga ɓangaren Turawa da ba su wuce miliyan ɗaya ba, kujera 60 ga Musulmi wajen miliyan takwas. Ko wannan rabon ba a bari ya tafi daidai ba, a zaɓen 1948 Naegelen, gwamnan Faransa a Aljeriya, ya sa aka yi maguɗi a fili. Sannan a Mayun 1954 aka ci Faransa da yaƙi a Dien Bien Phu ta Biyetnam, kowa ya ga ashe tana ciwuwa. Ranar 1 ga Nuwamba ƙungiyar masu yaƙin ƙwatar 'yancin Aljeriya, wato FLN, ta buɗe wuta, ministan cikin gida na Faransa Mitterrand ya ce Aljeriya Faransa ce. A 1956 Abbas ya shiga FLN, a 1958 shi ne shugaban gwamnatin wucin gadi ta masu yaƙin.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, Aljeriyar nan kusa da Saudiyya take?" Aji ya fashe da dariya, ni kuwa ban ga laifinta ba. Ta taso ne a shekarun da aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, tun wajen 2009, ta zo kwaleji ta tarar da taswirar da gara ta ci. Wa ya taɓa nuna mata cewa Aljeriya tana iyaka da Nijar, cewa daga Agadas ake miƙewa zuwa Tamanrasat? Wa ya faɗa mata cewa ana tsakiyar wannan yaƙi Faransa ta gwada bam ɗin nukiliya a Reggane cikin hamada a 1960, har gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961? Da alli na zana mata Afirka a allo, abin ya fito kamar ƙullin goro. Kuma wannan yarinya nan da shekara biyu ita za ta tsaya gaban aji tana koyarwa.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Tambayar da na sa a jarrabawa ita ce: me ya sa mutumin da ya ce babu al'ummar Aljeriya a 1936 ya zama shugaban gwamnatinta a 1958? Kwamitin tace tambayoyi ya soke ta da jan biro, wai za ta yi wahalar maki, ya maye gurbinta da "Lissafa dalilai biyar". An aiko mini takardar in sa hannu kafin Litinin. Ba zan sa ba. In suna son hannuna, su buɗe laburaren, su karɓo makullin majigi daga aljihun mutumin nan, su mayar da darasin ranar Talata, sannan su zo mu zauna a kan tambayar.