Tseren damisa a Yala: kuɗin kallon tsuntsu ya tafi a ƙura

Duk wanda ya ce zai kai ka kallon tsuntsaye a gandun dajin Yala na ƙasar Siri Lanka, ka sa ya rubuta maka a takarda ya sa hannu kafin ka ba shi ko sisi. Ko ya rubuta ma kada ka saki jiki. Abin da yawancin masu motocin can suke sayarwa tsere ne, tseren motoci a bayan damisa guda ɗaya, kai kuwa da ka biya kuɗinka kaya ne kawai aka ɗora a bayan jif.

Dajin ba shi da laifi, Allah ya yi masa arziki. Tun 1938 aka mai da shi gandun ƙasa, shekara ɗaya da Wilpattu. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 980 a kudu maso gabashin tsibirin, ya dangana da tekun Indiya. Akwai giwa, bauna, kada, ɗawisu ko ta ina, ga tsuntsaye sama da iri 200, ciki har da zakaran dajin da ƙasar ta ɗauka tsuntsunta na alfahari, wanda babu shi a ko'ina a duniya sai can. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris kuma ga baƙin tsuntsaye da ke gudo wa sanyin arewacin Asiya. Saboda su na yi tattakin, na kuma faɗa wa kamfanin da na yi ciniki da shi a garin Tissamaharama ɓaro-ɓaro: tsuntsu ya kawo ni, ina son direba mai haƙuri da mota ni kaɗai. Suka ce babu damuwa, suna da gwani. Suka caje ni kuɗin gwani.

Tun kafin asuba aka ɗauke ni, wai don mu riga kowa. Muka iske layin motoci a ƙofar Palatupana ya miƙe har ba ka ganin ƙarshensa, injuna na ruri, hayaƙin dizal ya turnuƙe, tamkar tashar mota ranar jajibirin Sallah. Ƙarfe shida na yi aka buɗe, kowa ya taka. Wato lokacin da daji ke farkawa, lokacin da mai son tsuntsu ke kasa kunne ya ji wa ke kuka daga wace bishiya, shi muka kashe muna haɗiyar jar ƙurar motar gabanmu.

Da ƙyar na sa ya tsaya a bakin wani tabki. Abin da na gani a wurin kaɗai ya isa a zauna har hantsi. Ga kwasakwasa suna kamun kifi, ga zalɓe, ga wasu manyan dangin shamuwa masu rawayan baki da ratsin ja-ja a bayan fiffike suna lalube cikin taɓo, kada ya baje a gefe baki buɗe. Can nesa na hango wani dogo mai baƙin wuya da jajayen ƙafafu, irin wanda 'yan ƙalilan ne suka rage a duk tsibirin, masana na zuwa takanas don shi. Ina cikin daidaita madubin hangen nesa wayar direba ta yi ƙara. Bai ko waiwayo ba. Ya tada mota ya fizga, madubin ya doki goshina, tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya.

Na ce, "Malam, lafiya? Ina za mu?"

Ya ce, "Damisa, yallaɓai! Damisa! Riƙe da kyau!"

Na ce ban ce ina neman damisa ba. Ya yi dariya, wai kowa haka yake faɗa, in ya gan ta sai ya gode. Rainin hankali ke nan. Ni na biya, ni na faɗi abin da nake so, amma shi ya fi ni sanin abin da ke raina.

Muka isa, me za mu gani? Motoci sun cushe siririyar hanya gaba da baya, wannan ya saka kai, wancan ya tare, direbobi na zagin juna, baƙi sun miƙe tsaye kan kujeru da wayoyi a sama. Damisar kuma? Wutsiya ce ke lilo daga reshe can cikin ganye. Wutsiya! A kanta muka ƙone mafi kyawun sa'ar safiyar, don ko ka ce a juya babu ta inda za a fita. Wani cilakowa babba mai ƙaho a baki ya sauka a bishiyar da ke kanmu, na nuna wa direba, ya ce wannan ai kullum ana ganinsa.

Ba a ɓoye yake ba yadda aka kai ga haka. A Siri Lanka babu zaki, babu wata dabba mai farauta a tudu da ta fi damisa, don haka ba ta ɓuya kamar tamu ta Afirka. Da rana tsaka sai ta hau dutse ta miƙe. An kasa Yala gida biyar, kashi na farko kuma, wanda bai wuce murabba'in kilomita 141 ba, yana cikin wuraren da damisa ta fi yawa a duniya. Nan kowa ke ɗurawa. Direba ya san tukuicinsa a wuyan damisa yake rataye, kamfani ya san hotonta ke jawo masa yabo a intanet. To wa zai tsaya maka kan tsuntsu? Mu baƙin ma da namu: na ji da kunnena wata mata a motar kusa tana yi wa direbanta tsawa ya matsa gaba, alhali gaban nan dabba ce ke neman hanyar wucewa.

Kuma ba yau aka fara kuka ba. Motoci masu gudu sun sha take dabbobi a cikin gandun, har damisar da ake rububin. A 2015 sai da aka kai ga ba da umarnin katse layin waya a can a lokutan cunkoso, don direbobi su daina kiran juna. A Oktoban 2022 wani ayarin manyan motoci ya saki hanya ya shiga fili yana wasan ƙura, bidiyon ya karaɗe ƙasar, aka kama wasu. Duk da haka ga wayar direbana tana ƙara babu ƙaƙƙautawa, ga giwa da ɗanta sun tsaya cirko-cirko a bakin hanya an hana su tsallakawa zuwa ruwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai daga baya na gano shi. Gandun Bundala yana nan kusa da Tissamaharama, fadamu da tabkunan gishiri, wuri na farko a ƙasar da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, da tsuntsaye kusan iri 200. Ga Kumana a gabashin Yala, wanda sunansa ma a kan tsuntsaye ya fito. Mutumin da ke zaune a garin, wanda sana'arsa ke nan, na ce masa tsuntsu nake so, bai ko ambaci ɗaya daga ciki ba. Ya tura ni inda ya saba tura kowa. Wanda ya taɓa zama shiru a fadamun Hadeja da Nguru yana jiran tsuntsu ya saki jiki ya san aikin nan natsuwa yake so, da injin a kashe. Ko kashe injin sai da na roƙa.

Da na koma ofishinsu na nemi su maido mini da ƙarin da suka karɓa na gwani, mai kamfanin ya buɗe littafi ya tambayi direba ko mun ga damisa. Ya ce mun gani. Sai ya rufe littafin ya ce to ai tafiya ta yi kyau, wasu ma ko wutsiyar ba sa samu. Ina juyawa zan fita ya miƙo mini kati, wai don Allah in shiga intanet in ba su tauraro biyar.