Liƙi ba biya ba ne

To jama'a kun dai ga abin da ya faru ran Asabar a bukin naɗin sarauta, yadda anka yi ma yaron da ya tsara waƙar bukin, wanda bai je ba ma ya ga bidiyon, ba sai na maimaita ba. Ni dai tun daga filin nan har na iso gida Tudun Wada raina a ɓace yake, matata ma sai da ta tambaye ni ko faɗa na yi da wani.

Kwamiti guda, dattawa da rawunansu, ku kira yaro wata biyu kafin buki ku ce sabuwar waƙa kuke so wadda kunne bai taɓa ji ba, a haɗa kotso da algaita da goge da fiyano, a sa 'yan amshi, yaro ya tara mutum 14 suna bita kullum bayan la'asar a zauren gidansu, shi ke sayen ruwan leda shi ke biyan kuɗin mashin, ranar da ya buɗe baki ya nemi kafin alƙalami sai a dafa kafaɗarshi a ce haba ɗana, ai a fili za a yi maka liƙi. Madalla da wanga karamci. A filin kuwa ko ɗa na uku na waƙar ba su kai ba mai gabatarwa ya karɓe makirfo wai babban baƙo zai kama hanya. Ina tsaye bayan rumfa anka zazzage buhun anka ƙirga, 'yan ɗari bibbiyu duk sun sha ƙasa, dubu 38. Cire kuɗin motar da ta ɗauko mai algaita daga Ƙaura, saura ka raba ma mutum 14.

Mai rumfa an biya shi tun Laraba. Mai kujeru an biya, mai janareta har kuɗin mai anka ƙara mai, mai shinkafa kuwa ba ta ɗora tukunya ba sai da ta ji alat. Me ya sa ita ba ku ce ta dafa a yi mata liƙi a fili ba? Don kun san za ta wanke ku tas. Mai waƙa kaɗai ne aikinshi ke saukowa daga sama kamar ruwan Agusta.

Liƙi ba biya ba ne. Liƙi tukwicin jin daɗi ne, ka ji an taɓo kakanka tsikar jikinka ta tashi ka sa hannu aljihu. Aikin kuwa an gama shi tun kafin ka zo, a dararen da mutum ya kwana yana neman gindin waƙa, yana auna inda algaita za ta shigo ba ta danne 'yan amshi ba, yana ta fama da mai fiyano ya sassauta don goge ya fito. Wancan aikin shi ake biya, kuma kafin a fara ake biyan rabi, kamar yadda kake yi ma tela da magini.

Na san masu cewa ai makaɗan da ba su yanka farashi. Don Allah ku raba ni. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Jankiɗi yana da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Sa'idu Faru yana da Sarkin Kudu Macciɗo, gidan su Ɗanƙwairo kuwa fadar Maradun ta riƙe su tun daga mahaifinsu. Ubangida ne ke ɗauke da makaɗi shekara ta zagayo, doki da riga da damman hatsi, har da hidimar aure da suna. Cikinsu a cike sunka zauna sunka tsara abin da har yau kuke sawa a mota kuna kaɗa kai. Ku kuna son irin waccan waƙa amma ko buhun gero ba ku iya aikawa. Wa kuke riƙe da shi a cikin yaran nan?

Kuma tunda wasunku sai an ce Turawa sun yi sannan magana ke shiga, to ga ta. Naɗin Sarki Charles a Landan, 6 ga Mayu 2023, sababbin kiɗa da waƙoƙi 12 anka ba masu tsarawa aikinsu musamman don ranar, alhali suna da tsofaffi na ɗaruruwan shekaru jibge. Kiɗan nan na tara na Beethoven, Bajamushe mai tsara kiɗa, kiɗa mai tarin makaɗa da mawaƙa, wanda anka fara yi a 1824, wata ƙungiyar masu son kiɗa ta Landan ce ta sa fam 50 don a tsara shi, kuma mutumin a lokacin ko ji ba ya yi. Yau daga cikinshi Tarayyar Turai ta ciro takenta. Da liƙi sunka ce ya jira da yana nan yana jira.

Wani ya rubuto mini wai ana fama da 'yan bindiga ina maganar kiɗa. Malam ni ma a Zamfara nake kwana, ba labari ake ba ni ba. Amma bukin dai an yi shi, an yanka shanu, an buga kalanda da jaka da hoton angon sarauta, to sai da anka zo kan haƙƙin yaro sannan kunka tuna da tsaro? Wani kuma wai sitidiyo dubu 20 za a yi maka waƙa kwana ɗaya. Gaskiya ne, je ka yi, kiɗan da anka yi ma ɗan takarar kansila bara shi za a ɗora ma sunanka, ko amshin ba za a canza ba.

Wallahi abin da ya fi tsaya mini a rai tsohon nan ne mai goge. Ya kai saba'in, ya goge kayanshi ya naɗe a tsumma, yaron ya miƙa mai dubu biyu yana ta ba shi haƙuri kai a ƙasa, sai tsohon ya mayar mai da dubu ɗaya ya ce riƙe ka hau mashin, ni na ji daɗin kiɗan. Na juya baya don kada a ga idona. Yaron nan yana da baiwa, kuma jiya da dare yake ce mini zai koma gyaran waya a kasuwa. In ya koma ba mai ganin laifinshi, mu dai za mu ci gaba da juya kasasuwan mamata a filashi muna cewa yaran yanzu ba su iya komai ba.

Af, tunda na ambaci kotso, don Allah wa ya san mai haɗa shi da kyau tsakanin Mafara da Maradun? Biyu daga na yaran nan fatar ta saki, wanda ke yi musu ya rasu da azumi, ɗanshi kuma ya ce shi acaɓa yake yi a Abuja. A turo mini ta inbos, kuma kada a haɗa ni da mai ɗinkin kalangu, na gwada, ba aiki ɗaya ba ne.