Jikan Masunta a Bakin Tekun Kiribi

Ni Bakabe ne, haifaffen Argungu, kuma tun ina yaro nake jin ana cewa kakana na wajen uba bai taɓa shiga ruwan Matan Fada da homa da gora ya fito hannu rabbana ba. Da wannan tarihi na yi shekaru ina cika baki a duk inda aka ajiye farantin kifi, ina bambanta wa mutane giwan ruwa da ragon ruwa, ina kushe tarwadar kiwo, ina tuna wa kowa cewa bikin kamun kifinmu tun 1934 ake yinsa. Abin da ban cika faɗa ba shi ne cewa ni malamin makaranta ne, alli na sani ba koma ba, kuma kifin da na taɓa kamawa da hannuna a duniya shi ne wani soyayye da ya zame daga faranti na cafe shi kafin ya kai ƙasa.

Yayan maiɗakina ɗan kasuwa ne a Yawunde, a unguwar Hausawa ta Biriketeri, kuma shi ne ya gayyace mu hutu bayan Babbar Sallah. Mun yi kwanaki muna cin nama, soyayye da safe, dafaffe da rana, gasasshe da dare, har yara suka fara kawar da kai idan an buɗe kwano. Ganin haka Alhaji ya ce mu shirya ya kai mu Kiribi, garin da ke bakin teku a kudancin Kamaru, mu kwana biyu mu ci abin ruwa mu huta da nama. Daren da za mu tashi ban yi barci da wuri ba, na kwanta da waya ina haddace duk abin da aka rubuta game da garin, domin ba zai yiwu jikan masunta ya je bakin ruwa a matsayin ɗan kallo ba.

Tun daga Yawunde har muka wuce Edeya ban bar kowa ya huta ba. Na sanar da su cewa Jamusawa ne suka gina hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta garin a 1906, kuma bututun man da ya taso daga Doba ta ƙasar Cadi, mai tsawon kilomita 1,070, a nan yake ƙarewa. Na ƙara da cewa sunan Kamaru kansa daga jatan lande ya samo asali, domin Turawan Fotugal da suka iso kogin Wuri a 1472 sun tarar da shi cike da su, sai suka kira shi kogin jatan lande da harshensu. Alhaji, wanda ya fi shekara ashirin a ƙasar, ya riƙe sitiyari yana cewa "ikon Allah" cikin ladabi. Maiɗakina ce kawai ta tambaye ni ko na taɓa cin jatan landen da nake ba da tarihinsa, sai na amsa da cewa sau ba adadi, ina nufin busasshen nan da ake dakawa a zuba a miyar agushi.

Wurin da ake sauke kifi yana unguwar Mbowa Manga, inda kogin Kiyenke yake shiga teku, kuma tsarin cin abinci a can mai sauƙi ne ga wanda ya yarda a nuna masa. Masunta su kawo kwale-kwale gaɓa, mutum ya zaɓi abin da ransa yake so a auna masa, sannan ya miƙa wa ɗaya daga cikin matan da ke zaune gaban gawayi, ita kuma ta wanke, ta tsaga, ta shafe shi da markaɗen kayan ƙamshi, ta gasa, a biya ta ladan aikinta. Na shiga gaba, hannuwa a baya, ina duba tebura kamar mai duba jarrabawa. Ban ga giwan ruwa irin tamu ba, ban ga ƙarfasa ba, ban ga ko da kurungu ɗaya da zan gaisa da shi ba. Wani dogon kifi mai haƙora kamar na kare ya zuba mini ido, na wuce da sauri. Daga nan na ci karo da wani kifi shimfiɗaɗɗe kamar tafin takalmi, idanunsa biyu duk a gefe guda, bakinsa a karkace, sai na ga dama ta samu. Na ɗaga murya na ce wa Alhaji ya gaya wa mai kifin ta ji tsoron Allah, wannan mota ce ta taka shi.

Alhaji ya fassara, abin da har yau ban yafe masa ba. Matar ta yi dariya har ta dafa tebur, ta kira maƙwabciyarta ta maimaita mata, ita ma ta kira ta gaba, kafin minti biyu labarin ya kai ƙarshen rumfar. Ashe haka Allah ya halicce shi: yana ƙarami idanunsa ɗaya a kowane gefe suke, yayin da yake girma sai ɗayan ya ƙaura ya koma kusa da ɗan uwansa, domin a kwance yake rayuwa a kan yashin ƙasan teku, kuma yana cikin kifayen da suka fi tsada a wurin. Na ce dama gwada ta nake yi.

Aka kawo mana abinci a wani dogon benci da ke fuskantar ruwa: gasasshen kifi, soyayyar agada, yaji mai ruwa, da wasu dogayen ƙulle-ƙullen rogo a cikin ganye da suke kira bobolo, sai kuma tire guda cike da jatan lande jajaye, kowanne ya kai tsawon yatsa, da kai da gashin baki da ƙafafu, suna ƙamshin tafarnuwa. Kowa ya dube ni yana jiran ya ga yadda ake farawa. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, amma ni a ranar na ɗauka karin maganar ba ta shafi Kabawa ba. Na yi bisimilla na ɗauki mafi girma na jefa shi baki ɗungurungum.

Ƙarar da ta fito daga bakina irin ta mai taka busasshen karan dawa ce. Ɓawon ya farfashe ya shiga tsakanin haƙora, ƙafafun suka manne a dasashi, wani dogon gashi kuma ya miƙe ya tsaya a maƙogwaro, ba ya gaba ba ya baya. Hawaye ya cika mini ido, amma na ci gaba da taunawa ina gyaɗa kai kamar mai jin daɗi, har na samu na ce haka muke ci a gida, domin amfanin duk a ɓawon yake. Maiɗakina ta ce, "Malam, a wane gidan?" A daidai lokacin autarmu, mai shekara bakwai, wadda ta daɗe tana kallon wani yaro a benci na kusa, ta murɗe kan nata, ta zare ɓawon da yatsu biyu kamar mai cire wa 'yar tsana riga, ta tsoma farin naman a yaji ta ci. Sauran suka bi sahunta. Ni kuwa da na riga na kafa doka, dole na cinye guda huɗu da ɓawonsu don kada a ce na janye, na bi da ruwa gora ɗaya da rabi.

Da dare na kasa barci, rabi saboda maƙogwaro, rabi saboda mutunci. Na yanke shawarar cewa abin da ya zube a teburin mutane a tukunyata zan kwashe shi. Gidan da muka kama yana da ɗakin girki da risho mai gas, don haka bayan sallar asuba na saci jiki na koma bakin ruwa ni kaɗai, ba tafinta. Da yatsu da kalkuletar waya aka yi cinikin, kuma yadda mai sayarwar ta yi ta sa mini albarka har na ɓace mata ya tabbatar mini cewa ba ni ne na ci riba ba. Na dawo da kilo biyu na jatan lande da ƙaguwa shida masu rai a cikin buhu, na sanar da gida cewa yau mata su huta, abincin rana a hannuna yake.

Matsala ta farko ta fiƙihu ce. Na wasa wuƙa, na fuskanci alƙibla, na zaro ƙaguwa ɗaya na juya ta sama da ƙasa ina neman wuya, sai na tarar Allah bai yi mata ba. Na bar buhun a ƙasa na kira wani malaminmu a Argungu, wanda bayan ya gama mamakin inda nake ya tuna mini abin da na sani tun ina makarantar allo, cewa a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne kuma ba ya bukatar yanka. Ina cikin yi masa godiya, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, ƙaguwar da ke hannuna ta ga ita ma tana da hujja, ta damƙe mini babban yatsa. Ban san ina da irin wannan murya ba. Malam yana ta tambaya ko lafiya, ni kuwa ina yarfa hannu ina salati, ita kuma ta riƙe kamar mai bin bashi, sai da Alhaji ya fito da gudu ya tsoma hannuna cikin bokitin ruwa sannan ta ga dama ta saki.

Kafin hankalina ya dawo, sauran biyar sun gano bakin buhu a buɗe yake. Wanda bai taɓa ganin ƙaguwa tana gudu a kan tayil ba ba zai gane wahalar kama ta ba, domin inda ta fuskanta daban, inda za ta daban, ka tare gaba ta fita ta gefe. Maiɗakina ta haye kujera da carbi a hannu tana ba da umarni, yara suna tsalle suna ihun murna, Alhaji da ludayi, ni da murfin tukunya da yatsa a kumbure. Mun ciro ɗaya a bayan firji, ɗaya a ƙarƙashin gado, biyu a banɗaki. Da aka haɗa da wadda ta cije ni, lissafi ya tsaya a biyar. Na ce wataƙila dama biyar aka ba ni, tunda an ga baƙo ne, kowa ya yarda saboda kowa ya gaji.

Ƙaguwar dai Alhaji ya karɓe ya kai wa matar da ke kula da gidan. Jatan landen ne na ce ba mai taɓa mini. Na ɓare su yadda na ga auta ta yi, ba tare da na ambaci inda na koya ba, na soya albasa da tattasai da attaruhu, na zuba ruwa da daddawa, na juye su ciki. Cikin minti uku suka yi ja suka lanƙwashe, wanda daga baya na ji cewa alamar sun dahu ke nan a sauke. Amma ni ɗan gidan da ake ɗora ƙafar sa tun hantsi ne, ban yarda akwai naman da ke nuna kafin a idar da alwala ba. Na rufe tukunya na ba su rabin awa. Da na ɗanɗana na ji sun yi tauri, sai na ce ai ga shi nan, ba su dahu ba, na ƙara ruwa na ƙara wuta. Bayan awa guda sun ƙara tauri, sai na tuna dabarar da ake yi wa wake mai gardama, na aika aka nemo mini kanwa a jakar maiɗakina na jefa.

Da azahar na sauke. Kilo biyun nan sun tsuke sun koma kamar ƙwayar gurjiya, suna iyo a cikin wani ruwa mai launin ƙasa, kuma idan aka tauna ɗaya sai haƙori ya dawo kamar an ciji robar silifa. Matar da ke kula da gidan ta shigo da ƙaguwarmu a tire, ta dafa su cikin ɗan lokaci da tafarnuwa da lemun tsami, ta leƙa tukunyata, ta ɗebo ɗaya da cokali ta duba ta kusa, sannan ta yi wata doguwar magana da Faransanci tana dafe da ƙirji. Na nemi Alhaji ya fassara, sai ya ce wannan karon zumunci ya hana.

Ƙaguwa biyar ba ta ƙosar da mutum bakwai, musamman da yake rabin nauyinta ɓawo ne. Da yamma muka je kallon inda kogin Lobe yake zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, 'yan kilomitoci kudu da gari, kuma ko a can mata suna ta soya jatan lande a bakin ruwa, ina kallo suna sauke kasko kafin mai saye ya gama gyara zama. Ban ce komai ba. A hanyar dawowa yunwa ta sa muka bi ƙamshin hayaƙi har gaban wani mai tsire, Bahaushe, mu da muka yi tafiyar awa huɗu don gudun nama. Da ya ji harshenmu ya tambayi garinmu, na ce Argungu a hankali, sai ya ajiye wuƙa ya ce lallai yau manyan ruwa ne a gabansa, ai mu Kiribi ba ta da abin da za ta koya mana. Maiɗakina ta kama tari, har sai da aka ba ta ruwa.

Kwana uku da komawarmu Yawunde wani wari ya tashi a ɗakin baƙi na gidan Alhaji. An zargi ɓera, an zargi magudanar ruwa, an ɗaga katifa an share ko'ina. A ƙarshe maiɗakina ta bi hancinta har zuwa jakata, wadda na bari a buɗe a ƙasa ranar farautar, ta zaro babbar rigata ta shadda da na tanada don sallar Juma'a, ta warware ta a tsakar gida a gaban kowa. Ƙaguwa ta shida ta faɗo daga cikin aljihu. Ta dube ta, ta dube ni, sannan ta kira yara ta ce su zo su gaida Sarkin Ruwa, ga kamunsa na farko ya iso.