"In ya bar shan ƙwaya ku dawo da shi": maganar da ke hallaka matasanmu daga Garwa zuwa Kuseri

Akwai wata magana da ake yaɓa wa iyaye a ɗakunan duba marasa lafiya na Arewacin Kamaru, wadda ya kamata a ce an daina ta tun tuni: "Ku tafi da shi, in ya bar shan ƙwaya ku dawo." Uwa ta kawo ɗanta yana sambatu shi kaɗai, kwana da kwanaki bai runtsa ba, yana rantsuwa maƙwabta sun haɗa baki za su kashe shi. Da an ji kalmar tramol sai a rufe littafin asibitinsa a miƙa mata. In kuma ta kai shi wajen masu ba da shawara kan shaye-shaye, su ce ai wannan taɓin hankali ne, ya fi ƙarfinsu. Kowa ya tsame hannunsa, yaro ya koma gida, ƙarshenta a sa masa mari a ƙafa ko jandarmomi su kwashe shi. Haba jama'a! Da zai iya bari da kansa, me zai kawo shi asibiti?

Cuta biyu ce a jikin mutum ɗaya, shaye-shaye da taɓin hankali, kowacce tana rura ɗaya. Ɗan acaba a Marwa yakan fara tramol don ya jure rana da gajiya. Amma akwai da yawa, musamman waɗanda suka gudo daga ƙauyukan wajen Mora da Mokolo tun da rikicin Boko Haram ya tsananta a 2014, da abin da idonsu ya gani ne ya kai su ga ƙwaya. Salansar babur ta buga, mutum ya zabura kamar an harbe shi. Dare ya yi, mugun mafarki ya hana shi barci, sai ya haɗiyi diyazefam. Gari ya waye jiki a mace, sai ya ɗora tramol don ya iya fita nema. Ka ƙwace masa ƙwayar ka bar shi da firgicin, ba zai yi sati ba zai koma. Ka ba shi maganin damuwa ka ƙi tambayar me yake sha, maganin naka ne zai iya kayar da shi.

Ana fakewa da cewa sai ya daina sha za a gane ko ciwon na asali ne ko ƙwaya ce ta jawo shi. Gaskiya ne haukan da wiwi ko ƙwaya ta tayar yakan lafa cikin kwanaki zuwa wata guda bayan an daina. To amma wa zai ga lafawar in an kore shi? A wannan watan ne ya fi bukatar a sa masa ido. Kuma akwai tambayoyin da ba sa cin minti goma: wanne ya riga zuwa, shan ko canjin halin? Akwai mai irin ciwon a dangi? Ya taɓa yin wata biyu bai sha ba, kuma yaya hankalinsa yake a lokacin? Me yake sha, guda nawa, ƙarfe nawa ya sha na ƙarshe? Ya taɓa tunanin kashe kansa? Wannan ta ƙarshen ita aka fi gudu, alhali yin ta ba ya sa wa mutum tunanin, kuma ita ke nuna wanda ba za a bari ya kwana shi kaɗai ba.

Dubi abin da rashin tambayar ke jawowa. Iyakar tramol da likita zai rubuta wa baligi a yini miligiram 400 ne. Wadda ake sayarwa a tire da bakin tasha kuwa akwai mai 120, mai 200, mai 225. Wanda ya afa huɗu masu 225 kafin azahar ya sha 900, ya ninka iyaka har da ƙari. A wannan matakin tramol tana kayar da mutum yana shure-shure da kumfa a baki. Sai a rubuta "farfaɗiya", a ɗora shi kan Gardénal, maganin da shi ma yake kashe jiki, kuma in ya haɗu da tramol da giya yana danne numfashi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. In karbamazefin, wani maganin farfaɗiyar, aka ba shi, shi kuma yana sa hanta ta yi saurin narkar da tramol ɗin, mutum ya ji ba ta kama shi ba, ya ƙara yawan da yake sha.

Haka maganin ciwon damuwa. Amitiriftilin da fuloksetin suna aiki, amma tramol ma tana taɓa sinadarin ƙwaƙwalwar da suke taɓawa. A haɗa su ba da lura ba, sai zazzaɓi, gumi, karkarwa da ruɗewa su taso, wani ya ce ai zazzaɓin sauro ne, a yi ta ɗirka masa allurai. Ga shi amitiriftilin in aka sha da yawa lokaci ɗaya yana tsayar da zuciya, amma sai ka ga an damƙa wa mai tunanin mutuwa na wata guda cur a leda. Na sati ɗaya ake bayarwa, a hannun uwa ko yaya, su riƙa ba shi kowane dare. Kuma a gaya musu tun farko: ba a ganin amfaninsa sai an yi sati biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida, kuma bayan an samu sauƙi a ci gaba wata tara zuwa shekara. Rashin wannan bayanin ne ke sa a jefar da magani a kwana na biyar a ce bai karɓe shi ba.

Sai batun yankewa, inda aka fi tafka ɓarna. Ba duk abin maye ake yanke wa iri ɗaya ba. Wanda ya saba da tramol, cikin yini guda da dainawa zai fara hamma, hawaye, majina, zawo, ciwon gaɓoɓi da tashin tsigar jiki. Abin ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku, ya sauka cikin sati ko ɗan fiye. Wasu kan ƙara da firgici da ganin abin da babu. Azaba ce, shi ya sa ake rage adadin sannu a hankali, a haɗa da ruwan gishiri da sukari, maganin zawo da na ciwon jiki. Amma diyazefam da giya, yanke su farat ɗaya yana iya kisa. Diyazefam ana rage shi ne cikin sati takwas zuwa goma sha biyu. Mai shan giyar gida irin arki ko bilbil kullum, hannunsa zai fara rawa cikin awa 6 zuwa 24, yana iya faɗuwa da jijjiga cikin kwana biyu, a kwana na biyu zuwa na huɗu kuma ya ruɗe yana kakkaɓe ƙwarin da babu su a jikinsa. Wannan gadon asibiti yake bukata, da diyazefam a ƙididdige na 'yan kwanaki, da bitamin B1 miligiram 100 kullum har kwana biyar. Mu kuwa da mun ga mutum ya galabaita sai ƙarin ruwa mai sukari. A jona wa mashayin giya wannan ruwan ba tare da B1 ba, ana iya lalata masa ƙwaƙwalwa, ya tashi yana tangaɗi yana mantuwa har abada. Nawa ne kuɗin B1 ɗin da za a ce babu shi?

Wanda ya zo yana fisge-fisge kuma, abin da aka sani shi ne a danne shi a yi masa Largactil, maganin da ke ƙara haɗarin jijjiga ga wanda tramol ta cika wa jini. In haloferidol ne, wani maganin taɓin hankali, ba a gaya wa dangi cewa wuya na iya ƙagewa, harshe ya zazzalo, idanu su kafe sama. Suna ganin haka sai su ce iska ce, su ɗauke shi. Abu ne da ake warwarewa da rage magani da ɗan Artane, shi ma a hannun dangi, don ya riga ya shiga jerin abin da yara ke nema a kasuwa.

In abin ya gagara sai a ce a tafi Yawunde, asibitin Jamot inda ake duba masu taɓin hankali. Daga Marwa tafiyar ta haura kilomita dubu: mota zuwa Ngaundere, sannan a kwana a jirgin ƙasa, da mutumin da sai maza biyu sun riƙe shi. Manomin da ya sayar da buhunan gero ya kai shi sau ɗaya, da me zai koma ganin likita wata mai zuwa? Alhali tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da kundin mhGAP domin malamin asibiti da likitan gunduma su iya wannan aikin a inda suke, kuma babin shaye-shaye da na taɓin hankali suna cikin littafi ɗaya. Ranku ya daɗe masu riƙe da harkar lafiya a jihohin nan uku na Arewacin Kamaru, me ya hana a horar da ma'aikaci ɗaya a kowane asibitin gunduma, a ba shi rana ɗaya a sati, littafi ɗaya ga kowane majinyaci, da maganin da ba zai yanke a tsakiyar wata ba?

Ba wanda ke faɗa da addu'a ko rubutun sha. Malam ya yi nasa, likita ya yi nasa. Mari da bulala ne abin ƙi. Kuma iyaye ku riƙe wannan: wanda aka tsare wata biyu, a gidan mari ko a kurkuku, jikinsa ya manta da ƙwaya. Ran da ya fito ya sha adadin da ya saba sha a da, numfashinsa na iya tsayawa. In kuka same shi yana wani irin minshari, leɓe ya yi duhu, ƙwayar ido ta tsuke, ba ya farkawa, kada ku ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. Ku kwantar da shi ta gefe, ku garzaya asibiti, ku faɗi sunan abin da ya sha ba tare da kunya ba, ku tambayi allurar naloksan, wadda ke karya ƙarfin ƙwaya irin tramol ta dawo da numfashi. In aka ce babu, ku nemi ganin shugaban asibitin ku tambaye shi dalili.