Na je cire wa kyanwa mahaifa, na dawo da muzuru

Wallahi ni da Baturiya ba mu taɓa samun matsala ba sai da ta haihu cikin akwatin madam. Baturiya kyanwarmu ce, fara tas da ɗan baƙi a kunne, don ɓeraye muka ɗauko ta amma ita haihuwa ta sa gaba. Cikin kyanwa wata 2 ne da ƴan kwanaki, kuma tun ƴaƴa ba su gama sakin nono ba in muzurun unguwa ya yi kiran sallama an koma ruwa. Sau 3 ta haihu a shekara guda, na ƙarshen ƴaƴa 5 ta zube kan atamfar da madam ke ɓoyo don bikin ƙanwarta. Madam ta ce Baban Ummi, ko ita ko ni a gidan nan.

Na je wurin likitan dabbobi, ya ce abu mai sauƙi, a sa ta barci da allura, a aske cikin, a ɗan tsaga a fidda ƙwayayen haihuwa da mahaifar a ɗinke, bayan kwana 10 zuwa 14 a warware zare. Daga nan ba ciki, ba wannan kukan na tsakar dare kamar jariri. Sharaɗi ɗaya, daga dare kar ta ci komai don kar ta yi amai cikin barcin ya shaƙe ta.

Na rufe ta a ɗakin hatsi na kwanta. Ashe Inna ta ji. Da asuba na tarar da ita a bakin ƙofa da ƙwarya, Baturiya na lasar nono har da lumshe ido. Na ce Inna likita fa ya hana, ta ce kai ba ka ji hadisin matar da ta shiga wuta don ta tsare kyanwa da yunwa ba? In wutar kake so shiga kai kaɗai, ban da ni. To me zan ce. Aka ɗaga sai jibi, ran nan makullin a aljihuna ya kwana.

Da safe na cusa ta a kwalin taliya, na huda ramuka na ɗaure da igiya, na tare kabu-kabu daga Birni. Mai mashin ya ce Alhaji mene a ciki? Na ce kaya ne. Muna kaiwa wajen Kasuwar Dole sai kaya ya fiddo hannu ta ramin ya kafa farce a bayan bawan Allah. Ni da nake ce mata kyanwar Lami ba cizo ba yaƙushi! Ya yi salati, mashin ya yi rawa muka tsaya da ƙyar a gindin teburin mai tumatir, gindin kwali ya ɓalle ta yi tsalle ta shige cikin rumfuna. Jikka guda na ba shi na riga da haƙuri, yana karɓa yana cewa ko aljani ya taɓa ɗauka bai yi mai haka ba.

Na tara yara na ce dala ashirin ga wanda ya kamo farar kyanwa mai baƙin kunne. Ba a jima ba sai ga su da buhu yana motsi, na leƙa na ga fari na ga baƙi na ga haƙora, na ce ita ce, na ɗaure.

A asibitin kowa da abin kirki, wannan da rago, wancan da saniya mai ciwon kofato, wani dattijo da doki, ni kuma da buhu mai gurnani. Dattijon ya ce yaro me ke damunta? Na ce haihuwa Baba. Ya daɗe yana kallona sannan ya ce Allah ya kyauta, mu nema muke.

Saboda faɗan da take yi ta cikin buhun likita ya soka allurar. Da ta yi laushi ya zazzage ta kan tebur, ya ɗauko reza ya ɗaga wutsiya, sai ya tsaya. Ya ce malam matso ka gani. Na matsa. Ya ce wannan kyanwar taka da ta haifi 5, da waɗannan ta haife su? Muzuru ne jama'a, ƙato, da kayansa cif. Mai riƙe masa almakashi sai da ya fita waje don dariya.

Likita ya ce tunda ya riga ya yi barci kuma an kashe allura, a fiɗiye shi kawai, aikin namiji minti kaɗan ne, ko ɗinki ba ya so. Na biya, har da rigakafin ciwon haukan kare. Kuma ba a yar da mai jinya a titi, dole na saɓo shi zuwa gida.

Ina shiga na tarar da Baturiya kwance kan tabarmar Inna tana lasar ƙafa, ta riga ni isowa tun hantsi, har an ba ta kan kifi.

Yau sati 5 ke nan. Muzurun ya warke ya ƙi tafiya, Inna ta sa mai suna Ɗan Dole, ci kawai yake yana ƙiba, ɓera ya wuce ta gabansa ko kunne ba ya kaɗawa. Baturiya kuwa jiya madam ta ɗaga ta ta shafa cikin, ta kalle ni, ta tashi ta sa wa akwatinta kwaɗo.