Ƙannena masu rubuta memuwar, ku fita fili

Assalamu alaikum ƙannena na sashen soshiyoloji da antiropoloji a Jami'ar Abdou Moumouni. Lokacin rubuta memuwar, wato kundin binciken kammala karatu, ya ƙarato, kuma abin da nake gani a Harobanda, unguwar da jami'ar take a Yamai, yana damuna. Ɗalibi zai zaɓi batu, a ce auren wuri ko ci-rani, ya zauna a ɗaki ya kwaso abin da wasu suka rubuta a intanet, ya raba wa abokansa na fada takardar tambayoyi ana shan shayi, gobe ya ce wa malam ya gama anketi. Wallahi wannan ba bincike ba ne, ku ma kun sani.

Uzurin da na fi ji shi ne, "Ai ni ɗan gari ne, na san al'adarmu." Ni ma na taɓa faɗin haka. Ina masta na koma gida Adar don in yi aiki kan biki, wato gudummawar da mata ke kai wa juna ranar suna ko aure. Na ɗauka sati guda ya ishe ni. Rana ta uku wata tsohuwa ta dube ni ta ce, "Ɗana, kana ta tambayar nawa aka kawo, ba ka tambayi wa ta ƙi zuwa ba." Sai da na yi wata biyu ina zama bakin zaure, ƙanwata na shiga da ni cikin gidaje, kafin na gane biki bashi ne da ake riƙe lissafinsa a ka, a mayar da shi da ƙari, kuma wadda ta daina mayarwa zumunci ta yanke. Na tashi ina ganin ƙorai na shiga gidanmu suna fita, amma sabo ya hana ni tambaya.

Nicole Echard, masaniyar antiropoloji, daga Faransa ta zo, ta daɗe a Adar cikin maƙera da ƴan bori. Djibo Hamani, masanin tarihi wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa yau, ya bi dattawa yana sauraren su kafin ya rubuta tarihin yankin. Mu da muka sha harshen a nono, me zai hana mu?

Kuma kayan karatu suna nan Yamai. Akwai cibiyoyin bincike: IRSH ta jami'armu, CELHTO da ke adana tarihin baka tun 1968, da LASDEL mai nazarin zamantakewa da aka kafa a 2001, wadda rahotanninta ke intanet kyauta. Ku karanta aikin LASDEL kan asibitoci, ku ga yadda zama da lura suka fito da tazarar da ke tsakanin dokar takarda da abin da ma'aikaci ke yi a zahiri. Takardar tambayoyi ba ta kamo wannan.

Na san kuɗin mota na da wuya. To, ku rage buri, ku zaɓi fili kusa: kasuwar Katako, tashar Wadata, ƴan ga-ruwa na unguwarku. Ku sayi kaye guda, wato littafin rubutu, kowane dare ku rubuta abin da kuka gani kafin barci ya goge shi. Maganar mutum ku ajiye ta da harshen da ya yi ta, Hausa ko Zabarmanci. In mace ta ce "kunya" ce ta hana ta zuwa awon ciki, kada ku yi saurin juya kalmar zuwa Faransanci. Ku tambaye ta kunyar wa, kuma tun yaushe.

In kun shiga gari, ku fara gaida maigari. Ku nemi izini kafin ku kunna waya don ɗaukar murya, ku sake sunayen mutane a rubutu. Za a tambaye ku ko furoje ne ya aiko ku, don an saba ganin masu takarda suna zuwa da alƙawari. Don Allah ku faɗi gaskiya: ku ɗalibai ne, ba ku kawo rijiya ba, ba ku kawo hatsi ba. Wasu za su tashi su bar ku. Ku zauna da waɗanda suka rage.