Ranar da na je ɗaukar kukan Fijo

Sana'ata ɗaukar sauti a fim, a nan Kano. Wata rana darakta ya kira ni, ya ce akwai wurin da jarumi zai tuna mahaifinsa, direban tseren motoci na shekarun 1970, kuma ba ya son kukan motar da kowa ke saukewa daga intanet. Na asali yake so. Ni kuma bakina ya ja mini: na ce ai Peugeot 504 ce ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, shekarar da aka fara haɗa Fijo a Kaduna, kuma har gobe ba a rasa ta a lungunan garin nan.

Wani bakanike a Ƙofar Ruwa ya haɗa ni da wani dattijo mai ita. Fara ce, ko in ce ta taɓa zama fara. Muka yi ciniki, na zuba mai, muka fita bayan gari da asuba kafin 'yan adaidaita su farka.

Waɗanda suka iya aikin nan makirfo da yawa suke bazawa: ɗaya kusa da salansa, ɗaya cikin bonat wajen kafireta don a ji yadda inji ke zuƙar iska, ɗaya kusa da direba saboda sauyin giya, wani kuma a bakin titi ya kama wucewarta. Ni biyu gare ni, ɗaya ma na aro ne. Rigar gashin da ake sa wa makirfo saboda iska babu ita, sai na cire safata na zura wa na aron, na naɗe shi da salatif a jikin salansa. A jikinta fa, ba kusa da ita ba.

Mota ta ƙi tashi. Minti goma na farko a na'urata babu komai sai hakina da muryar Baba yana cewa, "Tura, yaro, saura kaɗan!"

Da ta tashi sai wata sabuwa. Kukan tsere ba ya fitowa sai inji ya kai juyi 5,000 ko 6,000 a minti. Baba kuwa ya tsaya a gudun kilomita 40, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana jan carbi.

"Baba, don Allah a ɗan taka totur."

"Ɗana, shekara talatin ina lallaɓa ta. Ba fim ɗinku ne zai kashe mini ita ba."

Na roƙa, na ƙara kuɗin goro. Ya taka sau ɗaya tak. Salansa ta yi wata ƙara kamar bindigar toka, ta shiga kunnena kai tsaye ta iyafis, awakin wani gida suka watse. Sai ga warin ƙonewa. Safa ta zama toka, makirfon aro ya narke ya lanƙwashe kamar alewa a rana.

Na dawo da fatan ɗaya makirfon da na sa a cikin mota ya kama wani abu. Ya kama. Rediyon Baba ba ta kashuwa sai an cire batir, don haka na samu gaishe-gaishen masu sauraro har ƙarshen shiri.

Daren nan ina zaune ina lissafin kuɗin makirfo, maƙwabciyata ta tayar da injin markaɗe. Na saurara, na sake saurara. Na ɗauke shi ta kan katanga, na ɗaga muryarsa a kwamfuta, na shimfiɗa janaretan mai shayi a ƙarƙashi, na saƙa harbin salansar Baba a wurin sauyin giya.

Darakta ya lumshe ido ya ce, "Ka ji asalin Fijo! Wa zai ba ka wannan a intanet?" Na ce babu.

Bayan fim ya fito na kai wa Baba a waya. Ya kara a kunne, ya daɗe yana gyaɗa kai.

"Ita ce," in ji shi. "Amma ka ji nan? Fulogi ɗaya ba ya ci. Tun ranar da ka sa na taka ta haka take."